Napoli Centrale, Osanna ko Slivovitz: Da Wanne Za Ka Fara Jin Kiɗan Napoli?

Wani ƙanina da ke haɗa kiɗa a situdiyo ya zo mini da tambaya kwanakin baya. Sawun Tony Allen yake bi a intanet, mai gangunan Fela, sai ya faɗa kan wani faifai na 2016 da wasu samari biyu 'yan Napoli ta ƙasar Italiya, Massimo Di Lena da Lucio Aquilina, suka gina a kan bugun dattijon. A lokacin suna kiran kansu Nu Guinea, yanzu Nu Genea. Daga nan ya bi su zuwa faifansu na 2018, Nuova Napoli, ya ji mace na rera waƙa da wani harshe mai kama da Italiyanci amma ba shi ba, jita da saksafon suna zagaya juna a bayanta.

"Yaya," in ji shi, "ni fa a Napoli ƙwallo kawai na sani, Maradona da Osimhen. Ashe suna da kiɗa haka? Waɗanda suka koya wa yaran nan nake so in ji. Da wa zan fara?"

Na ba shi amsa a tsaitsaye, ban kuwa kyauta ba. Na ce ya nemi Palepoli na ƙungiyar Osanna, don shi masu sharhi suka fi kambamawa. Bayan kwana biyu sai ga saƙonsa: "Yaya, wannan ai hayaniyar kasuwa ce aka zuba wa sarewa." Laifin nawa ne. Na ɗauki mai koyon iyo na jefa shi tsakiyar kogi. Da na zauna na yi tunani sai na ga ƙungiyoyi uku ne ya kamata in jera masa, Napoli Centrale da Osanna da Slivovitz, in gaya masa abin da kowacce za ta nema daga kunnensa da abin da za ta biya shi.

Dukkansu daga tukunya ɗaya suka fito. Napoli gari ne na bakin teku mai tashar jiragen ruwa. A ƙarshen Satumban 1943 mutanen garin suka yi kwana huɗu suna fafatawa da sojojin Jamus a kan tituna, ranar 1 ga Oktoba sojojin ƙawance suka shigo. Amurkawa sun zo, ba su kuma tafi duka ba. Bayan yaƙi NATO ta kafa hedikwatarta ta kudancin Turai a unguwar Bagnoli, jiragen yaƙin Amurka suka mai da tashar garin wurin zuwa. Soja na son kiɗan gidansu, gidajen rawa na kusa da tasha na neman makaɗa masu arha, sai samarin gari suka koyi jaz da bulus da rok a bakin aiki, wajen neman na tuwo. In sun koma unguwa kuwa wani abu dabam ke jiransu: tammorra, ganga mai fuska ɗaya irin bandiri wadda aka jera wa 'yan farantan gwangwani a gefe, da kiran masu talla a lunguna, da harshen Napoli wanda mutumin Milan sai ya kasa kunne sosai kafin ya tsinci rabinsa. Kayan miyar ke nan: jaz, rok, da na gida. Bambancin ƙungiyoyin uku yana wajen awo, da kuma inda kowacce ta ajiye Napoli a cikin kiɗanta.

Napoli Centrale ta ajiye shi a maƙogwaro. Sunan babbar tashar jirgin ƙasa ta garin ne suka ɗauka. Mutum biyu ne ginshiƙanta: James Senese mai saksafon da rera waƙa, da Franco Del Prete mai ganguna, wanda kuma shi ke rubuta baitoci. An haifi Senese a 1945 a unguwar Miano. Mahaifiyarsa 'yar Napoli ce, mahaifinsa baƙar fata ne sojan Amurka daga North Carolina wanda ya koma ƙasarsa tun yaron yana ƙarami. Ya tashi baƙi a unguwar talakawa inda babu mai kama da shi sai 'yan uwansa 'ya'yan yaƙi, ba shi da harshen da ya wuce na Napoli, ba shi da gwani a busa sama da John Coltrane. Kafin Napoli Centrale shi da Del Prete sun yi suna a wata ƙungiya mai suna Showmen, tare da mawaƙi Mario Musella, wanda shi ma ɗan sojan Amurka ne. Sun ci kasuwa a ƙarshen shekarun 1960 da waƙoƙin soyayya, sannan suka juya wa wannan hanya baya.

Faifansu na farko ya fito a 1975, sunansa sunan ƙungiyar. Mutum huɗu ne: Senese, Del Prete, Ba'amurke Mark Harris a kan fiyano, da Baturen Ingila Tony Walmsley a kan jitar bes. Ka lura, in ka cire mai bes, babu mai jita a cikinsu, abin da ba a saba gani ba a ƙungiyar da ake jinginawa da rok. Gurbin jitar fiyanon lantarki na Fender Rhodes ne ya cike shi, wanda a cikinsa 'yan guduma ke bugun siraran ƙarafa maimakon tsirkiya. In an taɓa shi a hankali sai ya yi ƙara kamar ƙararrawa, in an danne shi da ƙarfi sai ya yi gurnani. Harris ya fi son gurnanin.

Waƙar farko, Campagna, ita ta fitar da sunansu, ita kuma zan sa wa duk wanda ya ba ni minti goma kacal. Maganar ƙauye ce, ma'anar sunan ke nan. Sunan kaɗai zai sa ka zaci yabon ciyayi da iska mai daɗi za a yi, kamar yadda tsofaffin waƙoƙin Napoli na masu yawon buɗe ido suka saba. Senese kuwa gatse yake yi: ƙauye na da kyau, amma kyan na 'ya'yan mai gona ne da ke zuwa shan iska da abokansu, ɗan ƙwadago kuwa karyewar baya ce rabonsa. Ba rerawa yake yi yadda aka saba ba. Yana tofar da kalmomi, yana haɗiye ƙarshensu, ya yi tsawa, ya yi kamar zai yi kuka, sai ya sa saksafon a baki ya ci gaba da maganar daga inda murya ta tsaya. Na sha mayar da wurin baya don in gano daidai inda maƙogwaro ya ƙare ƙarfe ya karɓa. Waƙa ta biyu maganar mutanen wani ƙauye ce mai suna Bucciano, waɗanda yunwa ta raba da gonakinsu ta tura su ci-rani arewa, inda masana'antu suke. Ko ba ka jin harshen, fushin na iso ka.

Abin da faifan ke nema a wurinka shi ne ka jure wa muryar nan. Akwai wanda ba zai iya ba, ban kuma ga laifinsa ba. Wata 'yar uwata ta shigo ɗaki ina saurare, ta tsaya jim, ta ce, "Wannan bawan Allah wa ya ci masa bashi?" Ta fi masu sharhi da yawa gane waƙar. Abin da yake biya kuwa shi ne bugun da ba ya ɓata maka hanya. Del Prete na riƙe da kiɗan a ƙasa, bes na maimaita zance ɗaya har ya zauna maka a ƙirji, duk haukan da saksafon da fiyano za su yi a sama akwai igiyar da za ka kama. Kunnen da ya saba da Fela ko James Brown ba zai yi baƙunta ba. Waƙoƙi shida ne, ba wadda ta wuce ƙima a tsawo. Ɗaukar sautin irin ta zamanin ce, busasshiya, ba kwalliya, kamar kana cikin ɗakin da suke.

Bayansa akwai Mattanza na 1976, wanda ya fi nutsewa cikin jaz ya rage magana. A wannan tsakanin ne wani saurayi mai suna Pino Daniele ya riƙe musu jitar bes na ɗan lokaci kafin ya kama gabansa ya zama mawaƙin da garin ya fi so. Senese bai ajiye saksafon ba har tsufa. Faifansa na 2016, 'O sanghe, wato jini, ya ci lambar Tenco, wata lambar yabon mawaƙa a Italiya, a rukunin faifan da aka rera da harshen gida. Del Prete ya rasu a 2020, Senese a watan Oktoban 2025 yana da shekara 80. Wanda tsohon sauti ke gundura zai iya shiga ta faifan 2016, sai dai ya sani dattijo zai tarar, mai faɗa cikin natsuwa. Wutar tana 1975.

Osanna kuma a kan dandamali ta ajiye Napoli. An kafa ta a 1971: Lino Vairetti mai waƙa, Danilo Rustici mai jita, Lello Brandi mai bes, Massimo Guarino mai ganguna, da Elio D'Anna mai sarewa da saksafon. D'Anna daga Showmen ya fito, wato abokin busar Senese ne a da. Gida ɗaya suka baro, kowa ya kama hanyarsa. Senese ya dubi Amurka, ƙasar mahaifinsa, su Vairetti suka dubi Ingila, inda a lokacin ake yayin wani rok mai dogon zango wanda masoyansa ke kira furog: waƙa ɗaya ta cinye gefen faifai guda, ta yi ta sauya kama kamar wasan kwaikwayo. Suna hawa dandamali da dogayen riguna, fuska a shafe da fenti. A 1972 sun raka ƙungiyar Genesis ta Ingila zagayen da ta yi a Italiya, a shekarar kuma suka yi wa wani fim na 'yan daba kiɗa tare da Luis Bacalov da cikakkiyar tawagar masu goge.

Palepoli ya fito a 1973. Da Girkanci sunan na nufin tsohon gari, kishiyar Neapolis, sabon gari, inda sunan Napoli ya samo asali. Manyan waƙoƙi biyu ne, kowacce kusan minti ashirin, da wata 'yar gajeruwa a tsakani. Yana buɗewa da muryoyin titi da sarewa da bugun gargajiya, a yi amshi da harshen Napoli kamar ana biki a lungu, kana cikin gyaɗa kai sai jitar Rustici ta faɗo kamar an kifar da tulin kwanuka. Ba ka gama farfaɗowa ba a sauke ka cikin wani sanyi na Mellotron, wani fiyano da a ƙarƙashin kowane maɓallinsa akwai guntun tef da aka ɗauki sautin goge ko sarewa a kai, in ka danna ya yi kamar daƙiƙa takwas ya ƙare. Daga nan D'Anna ya shigo yana hura sarewa da ƙarfin da har numfashinsa da gurnaninsa ake ji. Kowane yanki kafin ka saba da shi an ɗauke shi an kawo wani.

Nan ne ƙanina ya ɓata. Babu igiyar kamawa. Gangar da za ka bi yanzu, bayan minti biyu ta tafi. Kuma a gaskiya jaz ɗin da ke ciki kaɗan ne, rok ne mai nauyi da aka yi wa ado da busa. Napolin da ke ciki ma, a ganina, ya fi kama da labulen bayan dandamali: an nuna maka titi, an nuna maka biki, sannan a koma harkar da ta fi kusa da Landan. Wannan ba aibu ba ne in ka san abin da ka zo nema. Faifai ne na wanda zai kashe waya, ya zauna minti arba'in bai tashi ba, ya yarda a juya shi yadda aka ga dama. A saurare na uku ko na huɗu ne za ka fara gane cewa sarewar da aka buɗe da ita tana dawowa cikin wata riga, cewa hayaniyar tana da tsari. Wanda ya taso da Jethro Tull ko King Crimson zai ji kamar ya dawo gida. Wanda bai taɓa jin sunayen nan ba, ya ajiye Palepoli sai gaba. In ya matsu da Osanna, ya fara da Suddance na 1978, inda suka sauko kusa da jaz da harshen gida da waƙoƙi masu tsawo na hankali. Ƙungiyar ta watse ta dawo, Vairetti na riƙe da sunan har yau, a 2009 ma sun yi faifai da David Jackson mai saksafon na Van der Graaf Generator, amma yawancin aikin baya sake ziyartar tsohon gida ne.

Slivovitz su ne na zamaninmu, su ne kuma suka fi wuyar kamawa da hannu. Sun haɗu a Napoli a 2001. Sunan, don kada wani ya sha mamaki daga baya, na wata barasa ce da ake yi da 'ya'yan itace a ƙasashen Balkan, kuma tun daga sunan an nuna maka inda fuskarsu ta duba: gabas, tsallaken tekun Adriyatik. Kamfanin MoonJune da Leonardo Pavkovic ya kafa a New York ne ya fitar da su duniya, da Hubris a 2009, Bani Ahead a 2011, da All You Can Eat a 2015. Kalmar bani da yaren Romaniya kuɗi take nufi. Bahaushe in ya gan ta sai ya karanta "ba ni", ma'anar kuma ba ta yi nisa ba.

Mutum bakwai ne, kuma jerin kayan kiɗansu shi ne rabin labarin. Ga ganguna da bes da jitar Marcello Giannini. A gaba kuma masu jan zare huɗu: saksafon na Pietro Santangelo, turampet na Ciro Riccardi, biyolin na Riccardo Villari, da harmonika ta Derek Di Perri, 'yar ƙaramar abin busar nan da ake ja a leɓe. Harmonika kayan bulus ne na bakin kogin Misisipi, biyolin a hannunsu yakan yi kukan bikin ƙauyen Balkan, saksafon da turampet na jaz ne, jitar kuwa in ta fusata rok ce tsantsa. A takarda kamar an haɗa kura da akuya a ɗaki ɗaya. A kunne abin da ke faruwa shi ne su huɗun nan sukan ɗauki zance ɗaya su faɗe shi tare, daidai wa daida, sai ya fito da wata murya da ba ta kowannensu ba. Daga nan su rabu, ɗaya ya yi gaba, sauran su koma yi masa amshi. A Hubris akwai muryar mace, Ludovica Manzo. Daga Bani Ahead suka ajiye waƙa, kiɗa zalla.

Wahalarsu tana wajen ƙirga. Yawancin kiɗan da muke ji a rediyo huɗu-huɗu yake tafiya, ko shida-shida irin wanda ƙafa ta saba da shi a gidan biki. Makaɗan Balkan da Turkiyya kuwa suna da bugu mai bakwai ko tara, a raba shi biyu, biyu, uku, ko biyu, biyu, biyu, uku. Turkawa na kiransa aksak, wato mai ɗingishi, saboda takun ƙarshe ya fi sauran tsawo. Slivovitz na ɗibar irin wannan a wurare da dama, su ɗora masa nauyin rok. Na sa wa ƙanina a mota muna tsaye a layin mai. Ya fara buga sitiyari da yatsa, ya yi zagaye biyu lafiya, a na uku hannunsa ya sauka inda babu kowa. Ya sake, ya sake faɗawa rami. Ya dube ni ya ce, "Yaya, mai gangar nan lafiyarsa ƙalau?" Na ce ya daina ƙirga huɗu, ya ce a ransa gajere, gajere, dogo. Kafin layin ya motsa ya kama, yana ta dariya shi kaɗai. Wannan daɗin na gano bakin zare shi ne babban abin da suke biya, kuma ba ya ƙarewa a saurare ɗaya.

To ina Napoli a ciki, tunda ba harshe, ba tammorra a gaba? Wannan ce tuhumar da za a iya yi musu, ni ma na yi ta da farko. Akwai wuraren da in an rufe maka suna za ka rantse 'yan Budafes ne ko New York. Garin yana nan, amma sai ka tona. Yana cikin sunayen waƙoƙi: Egiziaca, wadda ta buɗe Bani Ahead, suna ne da ke kan coci da titi a cikin Napoli, Passannante a faifan 2015 sunan wani kuku ne da ya kai wa Sarki Umberto na Ɗaya hari da wuƙa a garin a 1878. Yana kuma cikin hali, wato rashin kunyar ɗaukar kayan maƙwabci a mai da shi na gida, da saurin juyawa daga raha zuwa baƙin ciki. Su jikokin tashar jiragen ruwan nan ne, sai dai jiragen da suka tsaya a zamaninsu daga wata nahiya suka zo.

In aka jera su ukun, tambayar farko da zan yi maka ita ce me kunnenka ke bi in kiɗa ya tashi. Mafi yawanmu murya muke bi. Mun taso da waƙar da magana ce sarauniya, kiɗa bara ne. Irin wannan kunne Napoli Centrale ce tasa, ko da bai ji kalma ɗaya ba, don Senese na yin abin da muka sani: mutum ɗaya a gaba yana faɗar abin da ke cin jama'arsa, ganga na mara masa baya. Slivovitz za ta bar mai irin wannan kunne yana jiran mawaƙin da ba zai zo ba. Osanna na da murya, mai kyau ma, amma ɗaya ce daga cikin 'yan wasa, takan ɓace minti biyar ba a neme ta ba.

In kuwa kai mai bin ganga ne, zaɓin ya rabu biyu. Del Prete zai sa ka rausaya, mai gangar Slivovitz zai sa ka ƙirga. Wanda ke son jiki ya motsa ya bi na farko, wanda ke son a wasa masa ƙwaƙwalwa ya bi na biyu. Wajen tsabtar sauti babu gasa: faifan 2011 da na 2015 an ɗauke su da kayan zamani, kowane abin kiɗa na zaune a wurinsa, ko da ƙaramin abin saƙalawa a kunne za ka rarrabe biyolin da harmonika. Palepoli a lasifikar waya azaba ce, wuraren da ya yi sanyi ba za ka ji su ba, wuraren da ya yi zafi su dagule su zama ƙara ɗaya. Kada ka yanke masa hukunci sai ka ji shi a lasifika mai kyau. Na Napoli Centrale yana tsakiya, ya fi jure wa ƙananan na'urori saboda mutum huɗu ne kawai ba cunkoso. Wajen samu, tsofaffin biyu suna kan manyan manhajojin sauraron kiɗa da YouTube, na Slivovitz kuma MoonJune na ajiye su a Bandcamp, inda akan saurara kafin a saya. Asalin faifan garmaho na 1973 ko 1975 harkar masu tara kayan tarihi ce, ba ta mai fara ɗanɗano ba.

Ga mai sana'a irin ƙanina akwai wani ma'auni dabam, wato me za ka koya. Daga Slivovitz za ka koyi tsara busa: yadda ake ba kayan kiɗa huɗu layi ɗaya, yadda ake shiga da fita ba a taka juna ba. Daga Osanna za ka koyi gina dogon abu da ƙarfin halin sauya yanayi. Amma darasin da na fi so ya ɗauka yana wurin Senese da Del Prete. Sun ɗauki kiɗan da aka ƙera don Turancin Amurka suka ɗora masa harshen unguwarsu, ba su gyara harshen don ya dace da kiɗan ba, kiɗan suka lanƙwasa. Harshen Napoli na haɗiye wasalin ƙarshen kalma, yana ninka baƙaƙe, sai jimla ta fito gutsi-gutsi kamar bugun ganga, su kuma suka bar gangar ta bi ta. Duk wanda ya taɓa fama da ɗora harshe mai karin sauti a kan bugun da aka sauko da shi daga intanet ya san girman wannan aiki.

Za a ce na bar Pino Daniele, kuma da gangan ne. Shi ƙofa ce mai faɗi da ba ta bukatar ɗan jagora. Nero a metà na 1980, wanda ya sadaukar ga Mario Musella, da Senese a kan saksafon, kowa zai iya jinsa yau ya so shi yau. A Satumban 1981 ya cika dandalin Plebiscito maƙil da jama'a, Senese da masu ganguna Tullio De Piscopo da Tony Esposito na bayansa. Amma shi mawaƙi ne da ya ɗebi jaz da bulus ya sa wa waƙoƙinsa, ba ƙungiyar da kiɗan ne kan gaba ba. Haka Enzo Avitabile, wanda ke busa saksafon a gaban Bottari na Portico, masu bugun gangunan katako na ajiyar ruwan inabi da lauje, har ya gayyaci Manu Dibango da Khaled a faifansa na 2004. Wanda na gida ya fi damunsa fiye da rok, can ya kamata ya nufa.

Ni dai in mutum ɗaya ya tsaya a gabana ban san komai game da kunnensa ba, Napoli Centrale na 1975 zan miƙa masa, in ce ya ji waƙa ta farko sau uku kafin ya wuce. In muryar ta kore shi, ya tsallaka kai tsaye zuwa Bani Ahead. In ta kama shi, ya yi mako guda da ita, sannan Slivovitz, sannan Palepoli a daren da aka ɗauke wuta babu abin yi.

Haka na tsara wa ƙanina a karo na biyu. Da ya kai kan Slivovitz sai ya kira ni, ya ce busar nan kamar ya santa a wani wuri. Na ce ya koma ya duba sunayen makaɗan da ke bayan Nuova Napoli, faifan da ya fara kawo shi. Ya yi shiru yana dubawa, sai na ji ya ce, "Kai! Santangelo da Giannini ne." Yanzu wai so yake ya gwada bugu mai bakwai a ƙarƙashin kalangu, ya ce in zo situdiyo ranar Asabar in ji ko ya zauna.